Sharhi: In zuciya ta tsaya a Briketeri, wa zai fara durƙusawa?

A ranar 29 ga watan Satumba na kowace shekara ake bikin Ranar Zuciya ta Duniya, sannan a ranar 16 ga Oktoba a sake wani gangamin na koya wa jama'a yadda ake farfaɗo da zuciyar da ta tsaya. A manyan biranenmu irin su Yawunde da Duwala da Injamena da Abijan, irin waɗannan ranaku kan zo da jawaban jami'an lafiya, da tattaki, da awon hawan jini kyauta na yini ɗaya ko biyu. Kusan duk da Faransanci ake yin su. Washegari sai a naɗe alluna, kowa ya kama gabansa, saƙon kuwa bai shiga lungunan Briketeri ko New-Bell ko sauran zangunan da Hausawa ke zaune ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kimanin kashi 32 cikin ɗari na duk mace-macen duniya a wannan shekara, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki suke. Ke nan batun da ake yi cewa ciwon zuciya na Turawa ne ko na masu kuɗi, ya daɗe da tashi aiki. Abin da ya rage shi ne a duba yadda muke yi idan abin ya faɗo a gabanmu, a ƙofar masallaci ko a tsakiyar kasuwa.

'Yan ƙwallo uku, darasi ɗaya

Duk ɗan Kamaru da ya mallaki hankalinsa a shekarar 2003 yana tuna ranar 26 ga watan Yuni. Ana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe na gasar Kofin Nahiyoyi tsakanin Kamaru da Kolombiya a filin Gerland da ke birnin Liyon na Faransa, sai Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a minti na 72, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Aka fitar da shi, likitoci suka yi ta fama, amma rai ya yi halinsa yana da shekara 28. Binciken gawa ya gano cewa yana da cutar kaurin naman zuciya, wadda takan ɓoye a jikin matashi mai ƙarfi har ranar da za ta kayar da shi.

Bayan shekara 13, a ranar 6 ga watan Mayun 2016, wani ɗan Kamarun, Patrick Ekeng, ya faɗi a birnin Bukares na ƙasar Romaniya, mintoci kaɗan bayan ya shigo wasa wa ƙungiyar Dinamo. Akwai motar asibiti a filin, akwai likita a cikinta. Duk da haka masu gabatar da ƙara na ƙasar sun gurfanar da likitar a kan zargin ba ta yi yunƙurin farfaɗo da shi a cikin mintocin farko ba. Ya rasu yana da shekara 26.

Na ukun shi ne Christian Eriksen na ƙasar Danmak, wanda ya faɗi a Kopenhagen a ranar 12 ga Yunin 2021 ana wasa da Finland. Nan take aka durƙusa a kansa, aka fara danna masa ƙirji a kan ciyawa, aka ɗora masa na'urar girgiza zuciya da lantarki, zuciyar ta dawo. A farkon 2022 ya koma buga ƙwallo a Ingila, a ƙarshen shekarar kuma ya buga gasar Kofin Duniya a Katar.

Ajali na Allah ne, kuma ba duk wanda aka yi wa agaji ke tashi ba. Amma a ɓangaren da ke hannun ɗan Adam, labarin Ekeng da na Eriksen sun nuna cewa abin da aka yi a mintocin farko, a daidai wurin da mutum ya faɗi, shi ne ke da nauyi fiye da girman asibitin da za a kai shi daga baya. In har ɗan wasan da ke da motar asibiti a bakin fili zai iya rasa ransa saboda jinkiri, ina ga mai sayar da tsire a Briketeri?

Abin da muka saba yi

Na ga amsar da idona. Shekaru kaɗan da suka wuce wani dattijo tela a layinmu ya faɗi a ƙofar shagonsa bayan sallar La'asar. Kafin ka ce kwabo mutane sun cika wurin. Wani ya kwara masa ruwa, wani ya kawo albasa ya kanga masa a hanci, wani yana ƙoƙarin cusa masa cokali a baki, wasu suna salati. Ni ina cikin masu fifita. Da ya ja wani numfashi mai kama da minshari sai muka ce alhamdu lillahi, da sauransa. Muka jira ɗansa ya zo daga kasuwa, aka nemo tasi, aka naɗe shi a kujerar baya. Da muka isa asibiti likita ya duba ya ce ya daɗe da cikawa.

Babu wanda ya ƙi shi a cikinmu. Kowa ya yi iya abin da ya sani, kuma duk abin da muka sani ɗin ba shi ne yake buƙata ba. Ni da nake koyarwa a makaranta, da takardar jami'a a hannuna, ban san cewa wannan minsharin alama ce ta zuciyar da ta riga ta tsaya ba. Likitoci sun san shi sarai, numfashin ƙarshe ne da ƙwaƙwalwa ke jawowa, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke yaudarar masu tsaye a kan mutum su ɗauka yana raye lafiya.

Yadda abin yake shi ne, zuciya na bugawa ne da wani ɗan lantarki da take samar wa kanta. Idan ya rikice, sai ta koma karkarwa maimakon bugawa, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙoƙi mutum ya fita hayyacinsa. Daga minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Ƙungiyoyin likitocin zuciya sun ƙiyasta cewa duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Babu motar asibitin da za ta ratsa cunkoson Duwala ko ta shiga lungun da ko tasi ba ya shiga a cikin wannan ɗan lokaci. Wanda ke kusa shi ne ke da mintocin nan a hannunsa.

Matsalar harshe

Wani ɓangare na matsalar yana cikin bakinmu. Da Hausa, "bugun zuciya" na nufin bugawar da zuciya ke yi kullum, kuma yana nufin cutar da ke kayar da mutum. "Ciwon zuciya" kuwa sau da yawa baƙin ciki muke nufi da shi. Shi kuma Faransancin da ake koyar da agajin gaggawa da shi yana cewa "massage cardiaque", wanda in aka juya shi kai tsaye zai zama tausar zuciya. Duk wanda aka ce masa ya yi tausa, shafawa zai yi a hankali, alhali abin da ake so dannawa ce mai ƙarfi har ƙirji ya lotsa.

Ya kamata a raba abubuwa uku da muke haɗawa wuri ɗaya. Akwai toshewar jijiyar zuciya, wadda likitoci ke kira "infarctus" ko "crise cardiaque". Mai ita yana cikin hayyacinsa, amma yana jin nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi ko ya koma baya, ga zufa mai sanyi, ga sarƙewar numfashi, ga tashin zuciya. Da yawa kan ɗauka gyambon ciki ne ya motsa, su jiƙa kanwa su sha su kwanta. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari kuma ba lallai su ji ciwon ƙirjin sosai ba, sai dai kasala da haki. Wannan a zaunar da shi, a hana shi tafiya da ƙafa ko tuƙa kansa, a kai shi asibiti nan take. Likitoci kan ba da shawarar ya tauna asfirin guda idan ba a taɓa hana shi sha ba kuma ba ya da matsalar zubar jini.

Na biyu shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda aka fi sani da AVC a ƙasashenmu. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe. Shi ma asibiti ne ba jira, amma shi kada a ba shi asfirin ko wani magani, don ta yiwu jijiya ce ta fashe a ka.

Na uku shi ne tsayawar zuciya, "arrêt cardiaque". Mutum ya faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi irin na kullum. Shi ne wanda ba ya jiran mota.

Abin da hannu biyu za su iya

Matakan ba su da yawa. A dafa kafaɗarsa a kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, a dubi ƙirjinsa na daƙiƙa goma a ga ko yana hawa yana sauka. In yana numfashi daidai, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko a sa masa komai a baki. In kuwa ba ya numfashi, ko sai wannan jan minsharin jefi-jefi, a nuna mutum ɗaya da yatsa a ce kai kira agaji, a nuna wani a ce kai nemo mota. In aka ce "a kira", kowa zai zaci wani ya kira.

Sai a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a kan katifa ba. Mai agaji ya durƙusa, ya ɗora tushen tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, ya ɗora ɗayan a kai, ya miƙe gwiwar hannu, ya danna da nauyin jikinsa har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa, yana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. Aikin na da gajiyarwa, don haka a riƙa karɓar juna bayan kowane minti biyu ba tare da an dakata ba. Wanda bai samu horo ba ba sai ya hura numfashi a baki ba, dannawar kaɗai ta wadatar ga babban mutum. Ga ƙananan yara da wanda ya nutse a ruwa ne hura numfashin ke da muhimmanci na musamman, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ya kamata a je a koya a hannun masu horarwa.

Haƙarƙari na iya karyewa, amma karaya tana warkewa. Mun saba cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, sai dai a wannan wuri ɗaya karin maganar ba ta aiki, domin dannawar da ba ta cika daidai ba ta fi tsayawa kallo nesa ba kusa ba.

Lambar da za a kira kuma tana canzawa da zarar an tsallaka iyaka, abin da ya shafi fatake da direbobin da ke bin hanyar Duwala zuwa Injamena ko Kwatano zuwa Yamai. A Kamaru 118 ce ta 'yan kwana-kwana, 119 ta SAMU. A Nijar 18 da 15. A Kodebuwa 180 da 185. A Gana 112. Ya kamata duk mai tafiya ya ajiye su a wayarsa tun kafin ya tashi.

Inda hannu ya tsaya

Gaskiyar da masu gangami ba su cika faɗa ba ita ce, danna ƙirji shi kaɗai ba kasafai yake tayar da zuciya ba. Aikinsa shi ne ya ci gaba da tura jini zuwa ƙwaƙwalwa har a kawo na'urar girgiza zuciya, wadda Faransawa ke kira "défibrillateur". Na'urar zamani ba ta buƙatar likita. Ana manna faifai biyu a ƙirji, ita da kanta take auna zuciyar, ta yi magana ta ce a matsa, kuma ba ta sakin lantarki sai in ya dace. Tun 2007 dokar Faransa ta halatta wa kowa amfani da ita, a 2018 kuma aka yi dokar da ta tilasta ajiye ta a wuraren taruwar jama'a.

A biranenmu da wuya ka ga irinta a wajen manyan asibitoci da filayen jiragen sama da wasu otal-otal. A kasuwannin Turai kuɗinta kan kama daga kimanin Yuro 1,000 zuwa 2,000, wato tsakanin sefa dubu 650 da miliyan 1.3. Kuɗi ne, amma bai kai na kujerar Hajji ɗaya ba. Al'ummar da ke iya haɗa kuɗi ta shimfiɗa darduma ta sa fankoki da lasifika a masallacin Juma'a ba za ta gaza sayen na'ura ɗaya ba. Sharaɗin shi ne a samu wanda zai kula da ita, domin batirinta da faifanta suna da wa'adi, kuma na'urar da aka kulle a ofishin da mai makullinsa ya tafi gida daidai take da babu.

Inda aka tabbatar motar asibiti ba za ta zo ba, dole a ɗauki mutum da kai. A nan ma a nemi motar da zai kwanta a miƙe a ci gaba da danna masa ƙirji a hanya. Ɗora shi a babur a tsakanin mutum biyu na nufin ya yi duk tafiyar ba jini a ƙwaƙwalwarsa.

Tsoro iri uku

Ko an koya wa mutane, akwai abubuwan da ke riƙe musu hannu. Na farko tsoron hukuma. Baƙo ko ɗan tsiraru, musamman wanda takardunsa ba su cika ba, yana gudun a ce a hannunsa aka mutu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokokin akasarin ƙasashen rainon Faransa, har da Kamaru, suna hukunta wanda ya ƙi agaza wa mutumin da ke cikin haɗari ne alhali yana da iko. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin unguwa su zauna da kwamishinonin 'yan sanda na yankunansu a fayyace wannan a bainar jama'a.

Na biyu shi ne idan mace ce ta faɗi. Namiji zai ja baya don kunya da gudun abin da za a ce. Malamanmu sun san hukuncin larura a fiƙihu, kuma su ne ya dace su faɗe shi a kan mumbari da Hausar da kowa zai gane. Bayan haka a horar da mata su ma, a makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin adashi, domin akasarin tsayawar zuciya a cikin gida take faruwa, inda mata ne ke wurin.

Na uku shi ne fahimtar ƙaddara. In mutum ya faɗi muna saurin cewa kwana ya ƙare. Amma ba mu cewa haka idan gobara ta tashi, guga muke ɗauka. Addu'a da danna ƙirji ba sa hana juna, baki na salati hannu na aiki.

Kafin a kai ga faɗuwa

Mafi yawan waɗanda ke faɗuwa a unguwanninmu ba 'yan ƙwallo ba ne masu ɓoyayyiyar cutar gado. Iyayenmu ne da yayyenmu da hawan jini ya daɗe yana ci ba su sani ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce babban mutum ɗaya cikin uku a duniya na da hawan jini, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta dace. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, in aka maimaita a ranaku daban-daban, shi ne hawan jini, kuma sau da yawa ba ya ciwon kai ba ya jiri.

Hukumar ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗanon miya da yajin tsire. Sai taba sigari da shisha, da shayi mai sukari da ake sha sau uku a zama ɗaya, da wunin zaune a shago ko a bayan sitiyari. Wata babbar matsalar ita ce barin magani. Mutum ya sha na wata ɗaya, ya ji garau, ya ajiye, ko ya ƙare masa a kan hanya ya ce sai ya dawo. Maganin hawan jini ba ya warkarwa, riƙewa yake yi, ranar da aka daina kuma jinin ya koma inda yake.

Lissafin kuɗi ma yana goyon bayan rigakafi. Cibiyar aikin zuciya ta Shisong da aka buɗe a 2009 tana yankin Arewa maso Yammacin Kamaru ne, inda rikici ya wahalar da zirga-zirga tun 2017, kuma ta yi nisa ƙwarai da mutumin Garwa ko Marwa ko Kuseri. Kashin farko na shirin inshorar lafiya ga kowa da Kamaru ta ƙaddamar a watan Afrilun 2023 ya haɗa da rage kuɗin wankin ƙoda, wanda abin yabo ne. Amma hawan jini na cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙodar tun farko, kuma na'urar auna shi ba ta kai kuɗin wayar salula ta zamani ba.

Wa zai fara?

Ƙasar Danmak, inda aka ceto Eriksen, ta wajabta koyar da farfaɗo da zuciya a makarantu tun 2005, ta kuma sa shi cikin sharuɗɗan samun lasin tuƙi a 2006. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan kiran a riƙa ba yara horon sa'a biyu a shekara tun daga shekara 12. Sa'a biyu ba ta fi ƙarfin kowace makaranta ba, ta boko ko ta Islamiyya. Da na tambayi ɗalibaina wa ya san abin da zai yi in mahaifinsa ya faɗi a gabansa, yaro ɗaya ne ya ɗaga hannu, shi ma a wurin 'yan sikawut ya gani.

Ƙungiyar Croix-Rouge na da masu horar da agajin gaggawa a duk ƙasashen nan. Abin da ya rage shi ne a gayyato su unguwa, a samu mai fassara, ko ma a tura matasanmu su zama masu horarwar da kansu. A fara da waɗanda kullum suke inda jama'a take, wato ladanai da 'yan agajin masallaci, 'yan babur, mahauta, masu gadin kasuwa, malaman makaranta da ungozoma. A ajiye na'urar awon jini a masallacin Juma'a da ofishin ƙungiyar direbobi, a ware rana ɗaya a wata. Gidajen rediyon da ke da shirin Hausa su ba likita minti goma a mako.

Gwamnatoci na da nasu nauyin na motocin asibiti da lambobin da in an kira za a ɗauka, kuma dole a ci gaba da tuna musu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Shagon telan nan na layinmu yanzu ɗansa ne a ciki, kuma har yau kusan babu wanda ya san inda zai ɗora hannunsa a cikin waɗanda ke zama a bencin ƙofar.